Shirun Da Na Yi A Kasuwa

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta faɗa ƙasar Doguwa, ya san abin da ke biyo baya idan aka ce wa magidanci ya kai mara lafiyarsa Kano. Da zarar likita ya ce aikin sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, lissafi ya tashi ke nan. Akwai shatar mota, domin wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya gwamutsuwa a motar haya. Akwai kuɗin gado da na gwajin jini da na hoton kai, da abincin mutum biyu ko uku da za su riƙa kwana a baranda, ga gona an baro babu mai leƙawa. Mutumin Riruwai sai ya yi sa'o'i a hanya kafin ya hango ƙofar asibitin. Shi ya sa doguwar jinya a wannan yanki namu a gida ake yin ta, a ɗakin tsohuwa ko a turakar tsoho, kuma kusan kullum a hannun mata take: matar gida, ko 'ya, ko suruka, wani lokaci ma jika da aka dakatar da karatunta. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa aikin gida da na kula da yara da tsofaffi da marasa lafiya, wanda ba a biyan kowa a kansa, mata ne ke ɗauke da fiye da kashi 75 cikin ɗari nasa.

Waɗannan matan na rubuta wa littafi, kuma su na cutar ta hanyar da na bi na sayar da shi. Ina jin kunyar abin, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Na san marubuta da dama da ke kwana da katan-katan na littafi a ƙarƙashin gado da bashin maɗaba'a a wuya, kuma matsin da ya kai ni ga abin da na yi yana iya kai kowane ɗayansu.

Mahaifiyata ta daɗe da hawan jini ba mu sani ba, ita ma ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo haka suke yawo da shi. Ranar da ya kayar da ita, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa suka daina amsawa. Aka yi abin da za a yi a asibiti, aka sallamo mu da ledar magani da ranar komawa. Daga nan ne ainihin aikin ya fara, kuma matata da ƙanwata ne suka ɗauke shi. Ni malamin makaranta ne, abin da na iya shi ne tambaya da rubutu. Duk lokacin da muka koma ganin likita, ko muka shiga wajen masu gashin ƙashi, ko na sami wata ma'aikaciyar jinya da ta sarara, sai in yi ta tambaya ina rubutawa a littafin aikin ɗalibai. In na dawo in karanta musu, su gwada, su gaya mini wanda ya yiwu a ɗakin Inna da wanda bai yiwu ba. Bayan Allah ya yi mata cikawa, maƙwabta suka fara aiko yara aron wannan littafin rubutu. Daga nan tunanin bugawa ya shigo mini.

Abin da ke cikin littafin gaskiya ne, har gobe ina tsaye a kansa. Ya yi bayanin juya wanda ba ya iya juya kansa duk bayan awa biyu, dare da rana, da wuraren da za a riƙa dubawa: ƙasan baya, kwatangwalo, dugadugai, kafaɗu, gwiwar hannu da ƙeya. Ya nuna cewa a jikin baƙin mutum ba lallai a ga jan da littattafan Turawa ke faɗa ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri, kuma wannan shi ne farkon gyambon kwanciya. Ya hana ɗura wa mara lafiya abinci yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama, domin wanda ya sami shanyewar jiki yakan ƙware ba tare da ya yi tari ba, abincin ya bi hanyar huhu. Ya gargaɗi mutane kada su daina maganin hawan jini don sun ga sauƙi. Akwai kula da robar fitsari, da wanka a kan gado, da motsa gaɓoɓi don kada su sandare. Akwai babi a kan tsarki da taimama da sallar zaune da ta kwance, wanda na kai wa malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa ya duba. Akwai kuma babin da na fi so, na ita mai jinyar kanta: barcinta, ciwon bayanta, fushin da kan taso mata da tsakar dare ta rasa wa za ta gaya wa, da wajabcin 'yan uwa su yi karɓa-karɓa maimakon su bar wa mace ɗaya suna aiko gaisuwa ta waya. Likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya sun karanta, sun gyara mini wurare.

Na shiga maɗaba'a a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayu da faɗuwar darajar naira. Takardar buga littafi daga waje ake shigo da ita, saboda haka a lokacin farashin da aka gaya maka yau ba shi za ka tarar mako mai zuwa ba. Aka ba ni shawarar in buga kwafi 1,000 gaba ɗaya, tunda kuɗin haɗa aikin ɗaya ne ko kaɗan ka buga ko da yawa. Na sayar da masarar da na ajiye, na ɗauki adashi, na ranci sauran a wajen wani ɗan uwa. Na nemi lambar littafi daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, na zaɓi bango mai sheƙi. Duk wannan na yi shi ban taɓa zama na tambayi kaina ta wace hanya littafin zai shiga ɗakin da ake jinya ba. A zuciyata abu mai amfani shi zai sayar da kansa.

Na yi bikin ƙaddamarwa kamar yadda aka saba. Aka kama ɗakin taro, aka gayyaci manya, aka yi jawabai masu daɗi, aka sanar da cewa wane ya sayi kwafi kaza a kan naira kaza. Wasu sun cika alkawari, ina gode musu. Amma ina zaune a kan mumbari na dubi jama'ar, na ga babu mai jinya ko ɗaya a cikinsu, kuma ba zai yiwu a samu ba, domin wadda ke juya tsoho duk awa biyu ba ta da rabin yinin da za ta ba taro. Kwafin da manya suka saya, da yawa a ofisoshi da bayan motoci suka tsaya.

Sai na nufi Kano wajen dilolin littafi na Kasuwar Kurmi da na Bata a Sabon Gari. Ina da dalilin sa rai. A wuraren nan ne marubutan Hausa suka nuna wa duniya cewa mutum na iya buga littafinsa da kansa ya kai shi kowane lungu ba tare da kamfani ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino wanda In Da So Da Ƙauna nasa ya fito a 1991, da abokansa na ƙungiyar Raina Kama, sun gina hanya tasu: daga marubuci zuwa dila, daga dila zuwa 'yan tebur da masu shagon hayar littafi, ga gidajen rediyo suna karanta labaran ana saurare har cikin gidaje. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, masu karatunsu su ne ke fitowa nemansu, kuma mafi yawan wannan kasuwa ta riga ta koma cikin waya. Wani dattijo a cikin dilolin ya juya littafina, ya karanta bayansa, ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma a nan littafi iri uku ne ke tafiya, na addini da na makaranta da na labari. Naka ka ajiye kaɗan, in an tambaya mu neme ka." Da zan tafi ya ƙara da cewa wanda ke da mara lafiya a gida ba littafi yake fitowa nema ba, magani yake nema. Nasiha ya yi mini, ni kuma na ɗauke ta ta inda bai nufa ba.

Facebook ban daɗe a kansa ba. Masu sa albarka sun yi yawa, masu saye ƙalilan ne, su ma akasari 'yan birni.

Damina ta kawo jiki, ɗan uwana yana bukatar kuɗinsa ya sayi taki, kuma yana da gaskiya. A wannan hali nake lokacin da na tsaya a wata kasuwar mako ina kallon mai tallar maganin gargajiya, da motarsa da lasifika a samanta, jama'a sun yi masa zobe. Maganar dattijon nan ta faɗo mini. Da aka watse na same shi, muka daidaita a kan cewa zai haɗa da littafina a tallarsa, yana da kasonsa a kowane kwafi. Na yi masa bayanin abin da ke ciki a tsaitsaye. Bai karanta ba, ni ma ban nemi ya karanta ba.

Kasuwa ta gaba na je da katan ɗaya, na tsaya a bayan motar ina karɓar kuɗi. Ya kunna lasifika ya fara: "Ga likita har cikin ɗaki! Mai shanyewar ɓarin jiki, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai gyambon da ya ƙi warkewa! Ka sayi littafin nan ka huta da zaryar asibiti! Kuɗin motar Kano ma ya ninka kuɗinsa!"

Na ji kowace kalma. Gabana ya faɗi, domin babu inda littafina ya ce haka, akasin haka ma ya ce. Tsakanina da shi taku uku ne, da na taɓa kafaɗarsa zai tsaya. Amma hannaye sun riga sun miƙo, kuɗi na shigowa, sai na ce wa zuciyata ai duk wanda ya saya zai karanta ya ga gaskiyar a ciki, talla dai talla ce. Kafin la'asar katan ya ƙare. Na dawo gida da kuɗin da ya fi abin da na samu a tsawon watannin baya, na kuma ci gaba da bin motar nan kasuwa-kasuwa, daga ƙasar Kiru da Bebeji har cikin Doguwa.

Ba na ɗora wa mutumin laifi. Yadda ya saba tallar hajarsa haka ya tallata tawa, kuma bai san abin da ke tsakanin bangon littafin ba. Ni na sani. Na kuma san dalilin da ya sa maganar ta karɓu: ita ce ainihin abin da talakan da jinya ta cinye wa rumbu yake marmarin ji. An gaya masa akwai hanyar da zai sauke haƙƙin mahaifinsa ba tare da ya sayar da sa ko ya jinginar da gona ba, kuma wanda ya rubuta malami ne ɗan yankinsu, ga shi tsaye ana nuna shi. Tsayuwata a wurin ita ce shaidar da ta ƙarfafa ƙaryar. Doka ta ce magani ba a tallata shi sai da izinin hukumar NAFDAC, saboda an san abin da alkawarin waraka ke jawowa. Littafi kuwa babu mai tambayarka lambar rajista, sai tsoron Allah da ke zuciyarka.

Matata ta ji labarin tallar daga bakin wata maƙwabciya da mijinta ya ci kasuwar. Da dare ta ce, "Malam, ranar da Inna ta kwana da zazzaɓi muka ce a jira gari ya waye, ka tuna wa ya ce a'a, a nemo mota yanzu? Da irin maganar nan ce a kunnenmu, kana ganin za mu fita?" Na ce mata ta bari in sauke bashin nan tukuna, daga baya sai in gyara. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bayan girbi sai saƙo ya iso mini daga wata ma'aikaciyar lafiya da ke aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Doguwa, cewa tana son ganin mai littafin. Na tafi ina zaton kwafi take so. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, na karanta littafinka, babu abin da zan soka a ciki. Amma me kuke gaya wa mutane a kasuwa?" Ta ba ni labarin wani dattijo da aka kawo mata a kan babur mai ƙafa uku, ya shekara yana kwance da shanyewar jiki. Gyambon da ke ƙasan bayansa ya ci har ana hango ƙashi, yana wari, jikinsa zafi rau, ba ya gane mutane. Ta tambayi tun yaushe ya fara mugunya, aka ce an yi makonni. Ta tambayi me ya hana a kawo shi, sai babban ɗansa ya zaro littafina daga aljihu. Ta tura su babban asibiti a ranar. Bayan 'yan kwanaki dattijon ya rasu.

Na nemi gidan na je ta'aziyya. Ɗan nasa manomi ne, ya girme ni. Da ya gane ko ni wane ne sai ya ƙara shimfiɗa, ya sa aka kawo fura. Ya ce, "Malam, ba komai, kwana ne ya ƙare. Littafinka ma ya taimaka mana ƙwarai, da shi muka koyi juya shi da wanke ciwon da ruwan gishiri." Babu zargi ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce zagina ya yi. Na tambaye shi wa ke karanta musu. Ya ce shi boko bai yi ba, ajami yake karantawa, matarsa da ke jinyar ita ma haka. Ɗansa ne da ke firamare yake karanta mata da daddare idan ya dawo daga makarantar allo. Sun karanta har wurin wanke gyambo, suka ga abin da suke nema ke nan, suka tsaya. Babin da ya lissafa alamomin da in an gani dole a tafi asibiti a ranar, ni da hannuna na ajiye shi kusa da ƙarshen littafin. Ba su kai can ba. Abin da ya kai kunnen maigidan shi ne na lasifika.

Na yi imani da ƙaddara, kuma ba zan ce da an kai shi da wuri da yana raye ba. Wannan sanin na Allah ne. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya ji ana yi wa mutane ƙarya da sunansa ya yi shiru don kuɗi na shiga aljihunsa. Tun muna yara aka karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma abin da dillali ya faɗa a gabanka ka amince, kai ka faɗa. Makonnin da aka yi ana wanke ciwon da ya riga ya fi ƙarfin gida, ina da kaso a cikinsu. Na gaya wa mutumin haka a gaban ƙannensa, na nemi su yafe mini. Suka ce sun yafe. Ina roƙon Allah ya jiƙan dattijon, ni kuma ya yafe mini.

A hanyar dawowa, cikin dajin Falgore, na gane cewa ɓarnar ta girmi ranar kasuwa. Na rubuta littafin ne yadda malami ke tsara darasi: gabatarwa, ma'anar ciwo, dalilansa, sannan a gangaro. Na ƙaddara mai karatu irina, wanda zai fara daga shafin farko ya dire a na ƙarshe. Mai jinya ba haka take karatu ba. Tana buɗewa ne da tsakar dare da fitilar waya, a shafin da ya dace da abin da ke gabanta, ko kuma yaro ne ke haɗa mata baƙi yana hamma. Gargaɗin da bai zauna a shafi ɗaya da shawarar ba, kamar babu shi ne. David Werner, wanda ya rubuta wa ƙauyawan tsaunukan Meziko littafin kiwon lafiya a inda babu likita, littafin da ya fito da harshen Sifaniyanci a 1973 kafin na Turanci a 1977, ya fahimci wannan. Ya cika littafin da zane, kuma ko'ina ka buɗe yana nanata lokacin da ya wajaba a nemi ma'aikacin lafiya. A nan gida ma, hukumar NORLA ta Zariya, a zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, ta riƙa buga ƙananan littattafai da boko da kuma ajami, saboda ta san da wane rubutu jama'a ke karatu. Ni da na tashi a garin da kusan kowane gida akwai allo, ban tuna da ajami ba sai a zauren makoki.

Abu na farko da na yi shi ne na janye littafin daga motar. Na biyu ya fi wuya. Na biya mai tallar kuɗin lasifikarsa, muka koma kasuwannin da muka bi, na karɓi abin magana da kaina na faɗi sunana da garinmu, na ce abin da aka faɗa a kan littafina ba gaskiya ba ne kuma a gabana aka faɗa, littafin ba magani ba ne, ba ya maye gurbin asibiti, wanda yake son kuɗinsa ya dawo da shi. Wasu sun dawo da shi na biya su. Wasu sun tsaya sun yi tambayoyi a kan marasa lafiyarsu, na tura su inda ya dace. Amma kasuwar mako ba aji ba ce da za ka tarar da waɗanda ka bari. Da yawa daga waɗanda suka ji maganar farko ba su ji ta biyu ba.

Sauran kwafin da ke hannuna na buga musu takarda guda, gefe ɗaya boko gefe ɗaya ajami, da manyan baƙaƙe, aka manna ta a cikin bangon gaba. Alamomin haɗari ne kawai a cikinta. Wani alaramma ne ya rubuta ajamin da hannunsa aka ɗauki hotonsa. Sannan matata da ma'aikaciyar lafiyar nan suka ɗauki muhimman babobin da muryarsu, gajeru-gajeru, kowane da gargaɗinsa a farkonsa. Muka sake su kyauta ta WhatsApp, muka kuma kai wa masu turi a tasha da bakin kasuwa su riƙa sa wa mutane a waya. Muryar mace tana yi wa 'yar uwarta bayani ta shiga ɗakunan da littafina bai taɓa shiga ba, kuma matan da suka saurara su ne suka fara aiko mazajensu neman littafin, don su ajiye su riƙa duba zanen yadda ake juyawa da ɗagawa.

Wuraren da nake ajiye shi yanzu su ne inda ƙafar gidan jinya ke zuwa dole. Masu kemis na unguwa, waɗanda kullum ake aiko yaro wajensu sayen auduga da safar hannu da maganin hawan jini. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, da ke nuna wa iyali shi lokacin sallama. Malamai mata na islamiyyar matan aure, waɗanda wasunsu ke ware ɗan lokaci bayan darasi su karanta shafi ɗaya a tattauna. Ungozomomi, da ke shiga kowane gida ba shamaki. Sharaɗina da kowa ɗaya ne: kafin ya karɓi kuɗi ya buɗe bangon gaba ya nuna takardar nan. A ganina littafi irin wannan bai kamata ya fita ba sai ta hannun wanda iyalin suka sani, wanda gobe in ciwo ya canza za su iya komawa su tambaye shi. Motar talla kafin magariba ta bar garin.

Cinikin a hankali yake tafiya, biyu yau, gobe babu. Ɗan uwana ya yi mini haƙuri, ina biyansa kaɗan-kaɗan daga albashi, har yanzu da saura. Idan Allah ya nufa aka sake bugawa, littafin zai ragu da kusan rabi, zane zai ƙaru, kuma kowane shafi da ya ce a yi kaza a gida zai faɗi a ƙasansa lokacin da za a daina a nemi mota.

Akwai kwafi masu yawa da suka fita ta bayan motar nan babu takardar gargaɗi a cikinsu, suna gidaje a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kuma ba ni da hanyar bin su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san gidan da ake jinya da irin littafin, ya taimaka ya isar musu da saƙona. Idan gyambo ya buɗe ya yi zurfi, ko ya fara wari ko mugunya, ko namansa ya yi baƙi. Idan mara lafiya ya yi zazzaɓi, ko numfashinsa ya canza, ko yana ƙwarewa duk lokacin da aka ba shi abinci. Idan fitsari ya tsaya ko ya zo da jini. Idan ya daina gane mutane, ko baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, to a rufe littafin a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne.